Tataccen man ƙamshi: abin da yake yi wa jiki da abin da ake jingina masa

A 'yan shekarun nan wata haja ta shigo Kano ta samu karɓuwa, musamman a wajen mata. 'Yan ƙananan kwalabe ne na tataccen man ƙamshi, masu duhun launi, mililita 10 ko 15, da bakin da ba ya zuba sai ɗigo ɗaya-ɗaya. Ana ganinsu a shagunan kayan kwalliya da shagunan magungunan Musulunci da wasu rumfuna a Sabon Gari, amma babbar kasuwarsu tana cikin waya, a WhatsApp da Instagram. Kowace kwalba da sunan tsironta da abin da ake cewa tana yi: labanda ta barci ce, na'a-na'a ta ciwon kai, ti-tiri na ƙurajen fuska. Da a nan tallar take tsayawa da sauƙi. Sai dai tana yin gaba, a ce wannan yana sauke hawan jini, wancan yana maganin suga, wani na rashin haihuwa ne, wani ma har ciwon daji. Cikin waɗannan maganganu akwai na gaskiya, akwai wanda aka yi wa ƙari, akwai kuma ƙarya tsagwaronta da kan iya janyo asarar rai, kuma duk a baki ɗaya ake faɗinsu.

Ƙamshi ba baƙo ba ne a garin nan. Lokacin da Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth ya sauka a Kano a 1851, cikin kayan da ya lissafa ana shigowa da su akwai jawul da kanumfari da man wardi, har ya ce man wardin bai cika fitowa kasuwa ba saboda tsada, a gida ake kai wa sarakuna da manyan gari. Har gobe wanda ya ratsa layin masu kayan ƙamshi a Kurmi zai ga kajiji da farce da sandal da lubban. Ba a kai amarya ba humra da turaren wuta, ba a fita masallacin Juma'a ba a shafa ko da ɗan almiski ba, kuma kowane ɗalibin hadisi ya san Manzon Allah (SAW) ba ya mayar da kyautar turare. Wannan sabon ne ya sa muka karɓi kwalaben nan hannu bibbiyu, muka ɗauke su a matsayin dangin turaren da muka sani. Alhali ta fuskar ƙarfi sun fi kusa da kayan kemis.

Tsirrai da yawa suna ƙera wasu sinadarai masu saurin tashi a iska, suna adana su a ganye ko fure ko ɓawo ko saiwa ko ƙaro. Da su suke korar ƙwari, da su suke jawo zuma. Su ne abin da hanci ke ji idan aka murza ganyen ɗaɗɗoya ko aka ɓare lemo. Don a raba su da tsiron, sai a cika tukunya da ganyen, a tura tururi ya ratsa shi, tururin ya kwashi sinadaran ya bi ta bututun da ake sanyayawa, ya koma ruwa, man ya taso sama a kwashe. Na lemo kuwa matse ɓawon ake yi. Abin da aka samu ba shi da maiƙo irin na girki. Man zaitun da man ridi da man kwakwa da man kaɗanya, har da man habbatus sauda, duk matse su ake yi daga 'ya'yan itace ko ƙwaya, kitse ne, ana ci ana shafawa. Turaren mai da ake aunawa a kasuwa kuma galibinsa haɗi ne na masana'anta, an yi shi don ƙamshi kawai. Kaya uku ke nan mabambanta, kuma na sha ganinsu jere a kanta ɗaya, mai shago yana bayaninsu da magana iri ɗaya.

Abin da ya raba tataccen man da sauran shi ne yawan tsiron da aka tattara a cikinsa. A yankin Kazanlak na Bulgeriya da Isparta ta Turkiyya, inda ake noman wardi don mai, sai an tara fure kimanin tan 3 zuwa 4 kafin a samu kilo 1. Ke nan kwalbar mililita 10 ta wardi zalla ta cinye fure wajen kilo 30, kuma da hannu ake tsinkarsa da sassafe kafin rana ta ɗaga. Sauran tsirrai ba su kai wardi rowa ba, amma ko su buhunan ganye ake narkarwa a 'yar kwalba. Mai shan shayin na'a-na'a da mai ɗiga man na'a-na'a a harshe ba abu ɗaya suka sha ba. Lamarin kamar na kanwa ne, 'yar kaɗan ta nunar da wake, cikin hannu kuwa ta ɓata tukunya ta ɓata cikin wanda ya ci.

Wannan lissafin yana tona asirin jabu. Idan shago yana sayar da man wardi da na lemo da na sandal a farashi ɗaya, to da wuya a ce duka abin da aka rubuta ne, domin ɓawon lemo shara ce a masana'antar lemon kwalba, shi kuwa itacen sandal sai ya shekara goma sha kafin zuciyarsa ta yi ƙamshi. Oud ma haka: itacen da ke bayar da shi a Asam ta Indiya da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya ba ya ƙamshi sai ya ji rauni ko ya kamu da wata cuta, kuma saboda yawan sara an sa shi cikin tsirran da yarjejeniyar CITES, ta kare tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, ta taƙaita cinikinsu. Kwalbar da aka rubuta wa tuffa ko ayaba ko sitiroberi kuwa ba sai an yi dogon bincike ba, waɗannan 'ya'yan itace ba a tatar irin wannan mai daga jikinsu. Na masana'anta ba laifi ba ne idan ɗaki za a ƙamsasa da shi. Laifin shi ne a sayar da shi da sunan magani, har a ce wa mutum ya sha.

Fasahar tatar ƙamshi tsohuwa ce, kuma malaman Musulunci na da babban kaso a cikinta. Al-Kindi, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, ya bar littafi mai ɗauke da haɗe-haɗen turare sama da 100 da bayanin kayan tata. Amma jinya da ƙamshi a sigar da ake tallata ta yau daga Faransa ta fito. Wani masanin sinadaran turare, René-Maurice Gattefossé, ya ƙone a hannu a ɗakin gwajinsa a 1910, ya yi amfani da man labanda a ciwon, ya ga ya warke, daga nan ya duƙufa kan binciken har ya fitar da littafinsa a 1937. Wani likitan soja, Jean Valnet, ya ɗora a kai a shekarun 1960. Labarin hannun Gattefossé shi ne masu talla suka fi so, sai dai warkewar mutum ɗaya ba ta isa hujja a likitanci ba, tunda ƙuna da yawa kan warke ko an shafa mata wani abu ko ba a shafa ba.

Duk da haka, wanda ya ce ƙamshi ba ya taɓa jiki bai san hanci ba. A can saman kogon hanci akwai jijiyoyi masu ɗauke da 'yan abubuwan kama wari iri kusan 400, kowane iri da sinadaran da yake kamawa. Linda Buck da Richard Axel ne suka gano tsarin a 1991, aka ba su kyautar Nobel a 2004. Saƙon da jijiyoyin nan ke ɗauka ta gajeriyar hanya yake isa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tsoro da shauƙi da tuna baya. Shi ya sa wanda ya taɓa zuwa Makka zai ji wani oud a Kantin Kwari zuciyarsa ta koma Harami kafin ya gane abin da ya faru, shi ya sa kuma warin asibiti kaɗai kan sa wani faɗuwar gaba. Natsuwar da mace ke samu idan ta gama aikin gida ta yi wanka ta turara ɗakinta gaskiya ce, numfashinta yana daidaita, kafaɗunta suna saki. Amma wani kaso babba na wannan tasiri daga sabo da tsammani yake zuwa. Ƙamshin da ke kwantar wa Bafaranshiya hankali ba dole ne ya yi wa Bakanuwa haka ba, mai yiwuwa humrar da ta tashi tana ji a jikin mahaifiyarta ta fi mata labanda aiki. Wannan kuma shi ke wahalar da masu bincike: a gwajin ƙwaya ana iya ba rabin mutane ta bogi ba su sani ba, ƙamshi kuwa ba ya ɓoyuwa.

Idan aka tace binciken da aka yi, abin da ke saura ba shi da yawa, amma yana nan. Shaƙar labanda ko tausa da ita kan rage fargaba na ɗan lokaci, kan kuma taimaka wa wasu wajen barci, ko da yake a tausar da wuya a raba aikin man da aikin hannun mai tausa. Inda hujja ta fi ƙarfi, abin lura, shi ne inda man ya bar hannun 'yan talla ya koma magani mai awo. A Jamus akwai ƙwayar da ke ɗauke da miligiram 80 na man labanda, wadda hukuma ta amince da ita don damuwa marar tsanani. Akwai ƙwayar man na'a-na'a mai rufin da ba ya narkewa sai a hanji, likitoci na ba masu wani nau'in murɗar ciki da kumburi. A 1990 an gwada man ti-tiri mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 a kan ƙurajen fuska a Ostireliya, aka ga yana aiki, sai dai a hankali. Kanumfari kuwa kakanninmu sun riga kowa: sinadarin da ke cikinsa yana kashe zafin haƙori, kuma har yau likitocin haƙori na amfani da shi a wasu kayan ciko. Amma kashe zafi yake yi, ramin da ke haƙorin yana nan yana ci.

Sirace da man zaiti, wato bishiyar turare, ko shafa mantaleta lokacin mura, shi ma yana da bayani. Sinadarin mental da ke cikin mantaleta yana taɓa jijiyoyin jin sanyi a hanci, sai mutum ya ji kamar iska ta ƙaru, alhali da aka auna an ga hanyar ba ta buɗe ba. Sauƙi ne na gaske ga mai fama da toshewar hanci a daren hunturu, amma murar sai ta cika kwanakinta. Haka batun sauro. Man ciyawar sitironela yana kora, sai dai tashinsa da sauri ya sa ƙarfinsa ba ya kai tsakar dare, lokacin da sauron zazzaɓi ya fi cizo. Duk gidan da ya naɗe gidan sauro a watan Agusta saboda an kunna na'urar fesa ƙamshi ya yi musayar da ba ta da riba.

Hawan jini da suga da sikila da daji da rashin haihuwa kuwa, babu wani tataccen mai da aka tabbatar yana warkar da su. Masu talla kan kafa hujja da cewa an gwada man kaza a ɗakin bincike ya kashe ƙwayar cuta. Sau da yawa hakan ya faru, amma a faranti, inda sabulu da gishiri ma kan kashe ƙwayoyin cuta. Jikin mutum wani abu ne daban. A 2014, ana tsakiyar annobar Ebola, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa manyan kamfanonin wannan mai guda biyu, doTERRA da Young Living, takardar gargaɗi saboda dillalansu na cewa man yana maganin Ebola da daji. Lafazin nan da ake bugawa a kwalba da Turanci wai man mai darajar magani ne, kamfanoni ne suka ƙirƙiro shi, babu hukumar da ke bayar da wannan shaida. Abin da ya fi damuna shi ne dattijuwar da 'yarta ta saya mata kwalba da kyakkyawar niyya, ta ji daɗin ƙamshin, ta ji kanta ya yi sauƙi, ta ajiye ƙwayoyin hawan jininta. Hawan jini ba ya sallama, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye.

Haɗarin man kansa kuma yara ya fi faɗa wa. Kwalbar ƙarama ce, tana ƙamshin alewa, kuma a kan madubi ake ajiye ta. Man zaiti ƙasa da cokalin shayi ɗaya ya isa ya sa ƙaramin yaro jijjiga ko suma. Man wintagirin, wanda ake sawa a mayukan ciwon gaɓoɓi, cokalin shayi ɗaya nasa daidai yake da kimanin giram 7 na asfirin, wato sama da ƙwaya 20 na manya. Kafur ma yana kawo jijjiga. Idan yaro ya sha, abin da aka saba yi a gidajenmu, a ɗura masa manja ko madara ko a sa masa yatsa ya yi amai, shi ne ke ƙara ɓarna, domin man kan bi ta huhu wajen dawowa. A ɗauke shi a nufi asibiti nan take, a kuma tafi da kwalbar likita ya gani.

Jariri sabon haihuwa nasa ya fi tsanani, kuma a nan muna da hujja daga cikin ƙasarmu. Jarirai da yawa a Najeriya, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, kuma iyaye ba sa sani. Irin waɗannan yara idan wasu sinadarai suka shiga jikinsu sai jajayen ƙwayoyin jininsu su farfashe, shawara mai tsanani ta biyo baya, wadda kan taɓa ƙwaƙwalwa ta bar yaro da kurumta ko naƙasa. A 1980 likitocin yara biyu a Legas, ɗayansu Farfesa Olikoye Ransome-Kuti wanda daga baya ya zama ministan lafiya, sun wallafa binciken da ya danganta irin wannan shawara da hoda mai mental da ake barbaɗa wa cibiya. Fararen ƙwallayen nan da ake sawa a akwatin kaya, waɗanda muke kira kafur, su ma an daɗe da sanin suna haddasa haka. Saboda haka kaka ko gwaggo mai kula da mai jego ta nisanta jariri da man zafi da man na'a-na'a da man zaiti, ko a cibiya ko a ƙirji ko a bakin hanci, kar kuma a adana kayansa da kafur. Ga cibiya akwai maganin shafawa na kilohekzidin da ake bayarwa a asibiti.

Ga manya, ƙa'idar ita ce tsarma. Ba a shafa shi zalla a fata. Abin da aka saba shi ne kashi 1 zuwa 3 cikin 100, wato kamar ɗigo 2 a cokalin shayi na man kwakwa ko zaitun ko narkakken man kaɗanya, a fara gwadawa a cikin damtse a jira kwana guda. Ɗiga shi a bokitin wanka ba tsarmawa ba ne, tunda ba ya haɗuwa da ruwa, yana nan a sama zai manne a jiki da ƙarfinsa. Kanumfari da kirfa suna ƙona fata, balle a kai su gaban mace kamar yadda wasu masu kayan mata ke koyarwa. Akwai kuma abubuwa biyu da yanayin garinmu ya ƙara wa nauyi. Man bagamot, wani nau'in lemo, da na lemon tsami da aka matse daga ɓawo suna ɗauke da sinadarin da ke sa fata ta ƙone idan rana ta buge ta, ya bar baƙin tabo na watanni, kuma abin takaici su ne ake cusawa a haɗin hasken fata. Sannan zafi da iska suna lalata man. Kwalbar da ta yi bazara a rumfar kwano, a Afrilun da zafi ke haura digiri 40, sinadaranta sun juya, kuma juyayyen man lemo ko labanda ya fi sabo saurin jawo ƙaiƙayi da borin fata. Mai ciki da mai farfaɗiya da mai asma, su tambayi likita tukuna.

A wuri ɗaya dai nake ganin sabuwar hajar ta fi tsohuwar al'adarmu. Turaren wuta hayaƙi ne, kuma hayaƙi ko na oud mai tsada ne yana ɗauke da ƙananan ɓurɓushi masu shiga can cikin huhu. Garwashi a ɗakin da aka toshe tagoginsa saboda sanyi yana fitar da iskar da ba ta da wari amma tana kisa. Na'urar fesa ƙamshi ba ta ƙona komai, don haka ga gidan da ke da mai tari ta fi kasko sauƙi, muddin ana kunna ta na ɗan lokaci, taga a buɗe, ana kuma wanke ta ana canja ruwan. Ko ita ba a sake jiki gaba ɗaya ba: a 2021 wani turaren fesa ɗaki da aka shigar Amurka daga Indiya ya zo da ƙwayar cuta a ciki, mutum 4 suka kamu, 2 suka mutu.

Lambar NAFDAC a jikin kwalba tana da amfani, kuma rashinta alama ce. Sai dai a san iyakarta. Ga kayan gargajiya, hukumar kan bayar da lambar da ke nuna an duba kayan ba su da illa a yadda aka ce a yi amfani da su, shi ya sa ake rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Mafi yawan abin da ke yawo a WhatsApp ma bai kai nan ba, daga jarka ake ɗurawa a manna takarda. Kwalbar kirki takan faɗi sunan tsiron na kimiyya, da ƙasar da aka tata, da ranar da aka tata.

Yawancin kwalaben nan daga Indiya da Sin da Dubai suke zuwa, alhali wasu tsirran a ƙasarmu suke. Cittar Kaciya ta kudancin Kaduna ta yi suna a kasuwar duniya saboda yaji da yawan mai, amma busasshiya muke loda ta a buhu, a tata a waje, mu sayo 'yar kwalba da tsada. Bishiyar zaiti tana nan jere a shingayen tare hamada na arewacin Kano da Jigawa. Tukunyar tata ba ta fi ƙarfin maƙeran garin nan ba, abin da ke da wuya shi ne awo da gwajin inganci, kuma wannan aikin sassan kimiyyar sinadarai da haɗa magunguna na jami'o'inmu ne. Akwai kuma hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, da ke fitowa a wuraren duwatsu na Arewa. Ɗan uwan bishiyar lubban ne ta Oman da Somaliya, kuma ƙaronsa yana ƙamshi. Duk mai tunanin kasuwancinsa ya dubi abin da ya sami danginsa a Habasha da Eritiriya da Sudan, inda yawan tsaga da kiwo da gobarar daji suka hana ƙananan bishiyoyi tasowa, har wani bincike na 2019 ya yi hasashen lubban ɗin da ake samu daga wannan nau'i zai ragu da rabi cikin shekara 20. Hano namu tun yanzu masu magani na ɓare masa ɓawo, tun kafin masu tatar mai su iso gare shi.